Girgizar Ƙwaƙwalwa a Wasan Ƙwallon Amurka: Raunin da Hular Kwano Ba Ta Iya Tarewa

Gabatarwa

Daga cikin wasannin da ake yi a duniya, kaɗan ne ake yi wa ɗan wasa sulke kamar wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka. Ɗan wasa kan shiga fili sanye da hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, ga kuma matasai a kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Duk da wannan shiri, a kowace shekara dubban 'yan wasa, tun daga yaran makarantun sakandare har zuwa ƙwararru, kan sami wani rauni da ake kira girgizar ƙwaƙwalwa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda raunin ke aukuwa, da dalilin da ya sa hular kwano ba ta hana shi, da illar da yake bari a baya, sannan da matakan da ilimin kimiyya ya nuna suna rage haɗarinsa.

Yadda Wasan Yake

Wasan ya sha bamban da ƙwallon ƙafa da aka saba gani a Afirka da Turai. Ƙwallonsa mai siffar ƙwai ne, kuma galibi da hannu ake ɗaukarsa ko a jefa shi. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama sau 4 ya matsa gaba da yadi 10, wato kimanin mita 9. Abokan hamayya kuma aikinsu shi ne su kayar da mai ɗauke da ƙwallon. A farkon kowace dama, sahu biyu na ƙarti kan tsuguna suna fuskantar juna, da zarar an saki ƙwallo sai su gwabza. Da yawa daga ƙwararrun da ke cikin waɗannan sahu nauyinsu ya haura kilo 135. Ke nan karo ginshiƙin wasan ne, kuma ana maimaita shi sau da dama a kowane wasa da kowane atisaye.

Tun farkon tarihin wasan aka san yana da haɗari. A shekarar 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu, har Shugaban Amurka na lokacin, Theodore Roosevelt, ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa don a nemi mafita. A 1906 aka gyara dokoki, aka halatta jefa ƙwallo gaba domin a rage cunkoson 'yan wasa wuri guda. Hular farko ta fata ce. A 1939 kamfanin Riddell ya fito da ta roba mai tauri, kuma a 1943 babbar ƙungiyar ƙwararru, wato NFL, ta wajabta sa hula. Sai dai taurin hular ya ba 'yan wasa ƙwarin gwiwar tunkuyi da kai kamar raguna. A 1968 kaɗai mutum 36 suka mutu a wasan, akasarinsu saboda raunin kai da wuya. Sai a 1976 aka haramta irin wannan tunkuyi a makarantu da jami'o'i.

Zaman Ƙwaƙwalwa a Cikin Ƙoƙon Kai

Kafin a fahimci raunin, wajibi ne a san yadda ƙwaƙwalwa ke zaune. Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kimanin kilo 1.4, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Taushinta ya yi kusa da na awara. Ba a ɗaure take da ƙashi ba: tana lulluɓe da tantani hawa uku, tana kuma shawagi cikin wani ruwa garai-garai da ke kewaye da ita da lakar gadon baya. Wannan ruwa ya isa ya kare ta daga jijjigar tafiya da gudu da tsalle, amma siririn shimfiɗa ne, bai isa ya tare karo mai ƙarfi ba.

Kowace ƙwayar jijiya tana da wani dogon zare da take aika saƙo ta cikinsa zuwa ga sauran ƙwayoyi. Zaren ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Miliyoyin irin waɗannan zaruruwa ne ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa, kuma da su mutum ke tunani da magana da tsayuwa daidai.

Abin da Ke Faruwa Lokacin Karo

Ɗalibin da ya karanta dokar motsi ta farko ta Newton ya san cewa abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai in wani ƙarfi ya tsayar da shi. Shi ya sa fasinja ke tuntsurawa gaba idan direba ya taka birki ba zato. Haka lamarin yake a cikin kai. Idan ɗan wasa na gudu ya yi karo, ƙoƙon kansa kan tsaya nan take, ƙwaƙwalwa kuwa ta ci gaba da tafiya har ta matsu da ƙashin, sannan ta koma baya. A gwaje-gwajen da aka yi ta hanyar kwaikwayon karon ƙwararrun 'yan wasa, an sami cewa bugun da ya jawo girgiza kan kai kimanin ninki 100 na ƙarfin jan da ƙasa ke yi wa abubuwa, kuma duk wannan na faruwa ne cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa hamsin na sakan.

Akwai motsin da ya fi wannan muni, shi ne juyawar kai. Tun a 1943 wani masanin kimiyyar lissafin motsi a Oxford ta Ingila, mai suna Holbourn, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta matsuwa da sauƙi, amma tana saurin murɗewa. Idan bugu ya zo ta gefe ko ta haɓa, kai kan juya da sauri, sai sassan ƙwaƙwalwa su zame wa juna saboda nauyinsu da taurinsu ba ɗaya ba ne. Wannan zamewa ita ke jan zaruruwan jijiya fiye da ƙima. Abin lura a nan shi ne, ba lallai ne a bugi kan ba. Bugu mai ƙarfi a ƙirji ko a baya na iya fizgar kai har girgiza ta auku.

Daga nan za a gane iyakar amfanin hular kwano. Hula tana baza ƙarfin bugu a kan faɗin kai, tana kuma ɗan tsawaita lokacin tsayawar kan, don haka ta rage fashewar ƙoƙon kai da zubar jini mai kisa ƙwarai da gaske. Amma ƙwaƙwalwa a ciki take motsi, inda hula ba ta kaiwa. Babu wata hula da aka ƙera wadda ke hana girgizar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya.

Rikicin Cikin Ƙwayoyin Jijiya

Idan aka ja zaren jijiya, fatar da ke kewaye da ƙwayar kan buɗe ƙofofinta ba bisa tsari ba. Sinadarin fotasiyam, wanda mazauninsa cikin ƙwaya ne, sai ya kwarara waje, kalsiyam da sodiyam kuma su kwararo ciki. Ƙwayoyi da yawa kan harba saƙo a lokaci guda, daga bisani su yi lakwas. Domin mayar da kowane sinadari mazauninsa, ƙwayar na buƙatar sukari mai yawa. A daidai wannan lokaci kuma jinin da ke kawo sukarin kan ragu. Ƙwaƙwalwa dama ita ke cin kashi 20 cikin 100 na makamashin jiki, alhali nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Saboda haka sai ta shiga halin buƙata mai yawa da guzuri kaɗan, kuma wannan hali kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya daidaita.

Da yake matsalar ta sinadarai ce da ƙananan zaruruwa, na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na asibiti galibi ba sa nuna komai. Amfanin hoton shi ne a tabbatar ko akwai zubar jini ko karayar ƙashi. Hoto mai kyau ba shaida ba ne cewa babu girgiza.

Alamomin Girgiza

Mutane da yawa na zaton sai an suma ne ake samun girgizar ƙwaƙwalwa. Alhali kuwa a fagen wasanni waɗanda ke suma ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Alamomin da aka fi gani sun haɗa da:

1. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gani dishi-dishi ko gani biyu-biyu.
2. Ruɗewa, jinkirin amsa tambaya, da mance abin da ya faru kafin bugun ko bayansa.
3. Tangaɗi, ko kasa tashi tsaye da wuri.
4. Ƙin haske da ƙara, saurin fushi, da rikicewar barci.

Wasu alamomin ba sa bayyana sai bayan sa'o'i, wani lokaci ma sai washegari. Akwai kuma alamomin da ke nuna cewa jini na zuba a cikin kai ko wuya ya taɓu, waɗanda ke buƙatar a garzaya asibiti nan take: ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, farfaɗiya, magagin da ke ƙara nauyi, raunin hannu ko ƙafa, ciwon wuya mai tsanani, da girman baƙin ido ɗaya fiye da ɗayan.

Yawancin manya kan warke cikin mako biyu, yara da matasa kuwa sukan kai mako huɗu.

Haɗarin Bugu na Biyu

Ƙwaƙwalwar da ba ta gama farfaɗowa ba, ɗan bugu kaɗan ya isa ya sake jikkata ta. Ga kuma ɗan wasan da ke cikin jiri ba ya iya kauce wa karo kamar da. A wasu lokuta, ko da yake ba su da yawa, bugu na biyu kan jawo kumburin ƙwaƙwalwa cikin mintoci, ko zubar jini, kuma matasa ne wannan ya fi afka wa.

A watan Oktoba na 2006, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Zackery Lystedt ya bugu da ƙasa a wasan makaranta a jihar Washinton ta Amurka. An fitar da shi na ɗan lokaci, sannan aka mayar da shi fili. Da aka tashi wasa sai ya faɗi. Likitoci suka yi masa tiyata don rage matsin jinin da ya taru a kansa. Ya yi watanni bai iya magana ba, ya kuma ɗauki shekaru kafin ya tsaya da ƙafafunsa. A 2009 jihar ta kafa doka da sunansa, wadda ta ce duk yaron da ake zaton ya sami girgiza a fitar da shi daga wasa, kuma kada ya dawo sai da rubutaccen izinin ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 dukkan jihohin Amurka 50 sun kafa irin wannan doka.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. A watan Satumba na 2022, Tua Tagovailoa na ƙungiyar Miami Dolphins ya yi tangaɗi bayan kansa ya bugu da ƙasa, amma aka bar shi ya ƙarasa wasan. Bayan kwana 4 ya sake buguwa a wani wasa, yatsunsa suka sandare a gaban miliyoyin 'yan kallo, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majiyyata. A wata mai biye NFL ta gyara ƙa'idarta, ta ce duk wanda aka ga yana tangaɗi bayan bugu ya gama wasa a ranar.

Bugun Yau da Gobe

Hausawa kan ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Baya ga bugun da ke jawo girgiza, akwai ƙananan bugu da ba sa nuna wata alama. Na'urorin awo da aka liƙa cikin huluna sun nuna cewa ɗan wasan sakandare kan sha ɗaruruwan irin wannan bugu a kaka ɗaya, waɗanda ke sahun gaba a jami'a kuwa sukan haura 1,000. Masu bincike a Jami'ar Purdue sun ga canji a aikin ƙwaƙwalwar wasu 'yan wasan sakandare waɗanda ba a taɓa cewa sun sami girgiza ba.

Tun a 1928 wani likita a jihar New Jersey, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben zamani ke tangaɗi da rawar jiki da ruɗewa. An daɗe ana ɗaukar wannan ciwon 'yan dambe ne kawai. A 2002 Mike Webster, wanda ya yi kaka 17 a NFL, ya kuma ci kofin zakarun wasan sau 4 tare da ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya rasu yana ɗan shekara 50, bayan ya yi fama da mantuwa da baƙin ciki, har ta kai shi ga kwana a cikin motarsa. Likitan da ya binciki gawarsa shi ne Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra a Nijeriya, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya kafin ya tafi Amurka. A ido, ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Da ya yanka ta falle-falle, ya rina, ya duba a madubin ƙara girman abu, sai ya tarar da tarin wani furotin da ake kira tawu. Ya wallafa sakamakon a 2005. Sunan cutar a taƙaice shi ne CTE, ma'anarsa lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali sakamakon bugu.

A ƙwaƙwalwa mai lafiya, aikin tawu shi ne riƙe ƙananan bututun da ke cikin zaren jijiya, waɗanda ta cikinsu ƙwaya ke jigilar kayan aikinta. Idan aka yi ta jan zaren, tawu kan saki bututun, ya dunƙule, ya toshe ƙwayar har ta mutu. A cutar CTE dunƙulen kan fara ne kewaye da ƙananan hanyoyin jini a can ƙasan lungunan da ke saman ƙwaƙwalwa, wato daidai inda murɗewa ta fi tsanani. Wannan tsari ne ya bambanta ta da cutar mantuwa ta tsufa. Har yanzu ba a iya tabbatar da ita sai ta binciken ƙwaƙwalwa bayan mutuwa.

Likitocin kwamitin NFL sun nemi a janye rahoton Omalu, amma shaidu suka ci gaba da taruwa. An sami cutar a ƙwaƙwalwar Dave Duerson da ya rasu a 2011, da Junior Seau da ya rasu a 2012. Tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 suka kai ƙara, kuma a 2013 NFL ta amince ta biya dala miliyan 765, daga baya aka cire iyakar kuɗin. A 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

Yadda Ya Kamata a Karanta Alƙaluma

A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston, ƙarƙashin jagorancin Ann McKee, sun duba ƙwaƙwalwar mamata 202 da suka taɓa yin wasan. Sun sami CTE a 177. Cikin waɗanda suka yi wasa a NFL, 110 daga 111 na da ita. Cikin 'yan jami'a, 48 daga 53. Cikin waɗanda suka tsaya a sakandare, 3 daga 14.

A nan akwai darasi ga ɗalibin kimiyya. Kuskure ne a ce kashi 99 cikin 100 na 'yan NFL na da cutar, domin iyalai ne suka ba da ƙwaƙwalen, kuma iyalin da suka ga alamun ciwo su suka fi bayarwa. Wanda ya ƙirga masu zazzaɓi a asibiti bai ƙirga mutanen gari ba. Abin da alƙaluman suka nuna a fili shi ne, gwargwadon daɗewa a wasan, gwargwadon haɗari. Wani binciken da jami'ar ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa kowace shekarar wasa na ƙara yiwuwar kamuwa da kimanin kashi 30 cikin 100. Ke nan jimillar bugun da kai ya sha ita ce ma'auni, ko da ba a taɓa suma ba.

Matakan Rage Haɗari

Tunda hula ba ta wadatar ba, gyaran ya koma kan yawan bugu da kuma kula da wanda ya bugu. A 2011 NFL ta taƙaita yawan atisayen da ake yin karo a cikinsa. Daga 2013 ta riƙa ajiye likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa a bakin fili. A 2018 ta haramta sunkuyar da kai don tunkuyi, a 2024 kuma ta sauya tsarin bugun buɗe wasa, wanda a da 'yan wasa ke kwasowa a guje daga nesa su gwabza. Ana kuma ƙarfafa wa yara gwiwar yin nau'in wasan da ba a kayarwa, inda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo. Wannan nau'i na cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles.

Game da jinya, taron masana na duniya da aka yi a Amstadam a 2022 ya ba da shawarar a huta na awa 24 zuwa 48, tare da rage kallon waya da talabijin, sannan a fara tafiya sannu-sannu. Daga nan a bi mataki-mataki, daga motsa jiki mai sauƙi zuwa gudu, zuwa atisaye ba karo, kowane mataki aƙalla kwana ɗaya. Ɗalibi ya fara komawa aji sosai kafin ya koma fili, kuma kada ya shiga karo sai da izinin likita.

Darasi ga Malamai da Ɗalibai

Ƙwaƙwalwa ba ta bambanta bugun filin Amurka da naushin dambe, ko karon kai biyu a ƙwallon ƙafa, ko faɗuwa daga babur. Don haka ƙa'idar ɗaya ce a kowace makaranta: yaron da ya bugu ya nuna ko da alama ɗaya, a fitar da shi, kada ya koma wasa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma sanar da iyayensa. Idan yana kukan wuya ko ya suma, kada a ɗaga shi da ka. Cewar yaro lafiyarsa ƙalau ba hujja ba ce, domin ƙwaƙwalwar da zai auna kansa da ita ita ce ta bugu, ga kuma kunyar a kira shi rago.

Malami na iya nuna wannan darasi a aji da kayan da ba su da tsada. A sami gwangwanaye biyu masu murfi, a sa yankan awara cikin kowanne, a zuba ruwa ya kusa cika. A naɗe ɗaya da tsumma mai kauri, a bar ɗayan haka. A girgiza su da ƙarfi iri ɗaya, a buga a kan tebur, sannan a buɗe. Gwangwanin da aka naɗe ba zai lotsa ba, amma ɗalibai za su ga abin da ya sami awarar da ke cikinsa.

Kammalawa

An ga cewa girgizar ƙwaƙwalwa na faruwa ne saboda motsin ƙwaƙwalwa da murɗewarta a cikin ƙoƙon kai, kuma hular kwano ƙashi take karewa fiye da abin da ke cikinsa. Babban haɗari biyu ne: bugu na biyu kafin a warke daga na farko, da tarin ƙananan bugu na shekaru. Maganin na farko shi ne fitar da ɗan wasa da ba shi lokacin warkewa. Na biyun kuwa ba a sami maganinsa ba tukuna, sai rigakafi ta hanyar rage yawan karo, musamman ga yara.

Tambayoyi don Nazari

1. Yi amfani da dokar motsi ta farko ta Newton ka bayyana yadda girgizar ƙwaƙwalwa ke aukuwa.
2. Me ya sa hoton asibiti ke iya fitowa lafiya lau alhali akwai girgiza?
3. Kawo alamomi huɗu da ke wajabta kai wanda ya bugu asibiti nan take.
4. Me ya sa ba za a ce alƙaluman binciken 2017 sun shafi dukkan 'yan wasa ba?